Satar Rikodar Mai-Sawu

Ihun da ya tashi daga hawa na biyu da hantsin ranar, duk wanda ke benenmu ya ɗauka gobara ce. Tela ya fito da almakashi a hannu, Injiniya mai gyaran waya ya baro shagonsa a buɗe, ni kuwa takalmi ƙafa ɗaya na samu na hau da shi. Muna isa muka tarar da Mai-Sawu tsaye a ƙofar falonsa, daga shi sai tawul, ga kumfar sabulu a bayan kunne, yana bin mu da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Kada wanda ya motsa," ya ce. "An sace mini rikoda, kuma ɓarawon yana cikin ginin nan."

"Mun ji," in ji Tela. "Amma ka fara sa wando."

Mai-Sawu ba ɗan sanda ba ne, ko ta gaban caji ofis ba ya son wucewa. Shirin fodkas yake yi, irin shirin muryar nan da ake saurara a waya, inda yake tono tsofaffin laifuffukan da aka gaji aka rufe ba a kama kowa ba. Kowane shiri yakan buɗe shi da wata murya mai kauri da ba tasa ba: "Jama'a, mu bi sawu." Daga nan sunan ya bi shi. Ɗakin ɗaukar shirin nasa kuwa durowar kayansu ce. Wai tufafi suna shanye amsa-kuwwa, don haka sai ya shige tsakanin rigunan matarsa da 'yar kujera, ya ja ƙofa, ya yi ta tono matattu. Har kwaɗo ya sa wa durowar. Makullin yana rataye a wuyansa, ba ya cire shi sai zai shiga wanka, matarsa ma sai ta nemi izini kafin ta ɗauki rigarta.

Na san shi tun kafin shirin, lokacin yana da kumatu, yana da dariyar da ake jiyowa tun daga ƙasa. Shirin ya cinye duka biyun. Ya koma mutumin da ba ya zama sai yana fuskantar ƙofa. Ka ba shi shayi, sai ya sansana. Ka ce masa ina kwana, sai ya tambaye ka me ya sa yau ka riga shi gaisuwa. Masu sauraro kuma ba su da imani: ya kwana biyu bai saki sabon shiri ba su yi ta aiko da saƙo, wani ma ya taɓa rubuto masa cewa na makon jiya ya yi daɗi amma gawar ta yi kaɗan. Muna yi masa dariya a matattakala, amma ni dai tausayi yake ba ni.

Abin da ke cikin rikodar ne ya sa shi ihu. Muryar wata tsohuwa ce, Uwar Direba, wadda ɗanta ya fita da mota shekaru da suka wuce, ba a sake ganinsa ba, ba a ga motar ba. Ba ta taɓa yarda ta yi magana da kowa ba. Mai-Sawu ya yi ta sintiri a ƙofarta har ƙasan takalminsa ya cinye, ran nan ta zaunar da shi ta faɗi komai. Ta ce sau ɗaya ke nan, kada ya sake dawo mata da tambaya, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Shi kuma ya yi mata alkawarin duniya za ta ji sunan ɗanta. To da yake ya taɓa yin shiri a kan masu kutse cikin kwamfuta, tun daga ranar bai ƙara yarda da tasa ba, sai ya ƙi kwafe muryar ko'ina. A cikin rikodar nan kaɗai take, rikodar kuma ta yi ƙafa.

*

Ni ya zaɓa in riƙe masa tocila. Har na fara jin daɗi, sai ya ce ba don ya yarda da ni ba ne, so yake ya riƙa ganin hannuwana.

Ya durƙusa ya bi ƙasa da rarrafe tun daga ƙofar banɗaki har bakin durowa. Makullin yana nan a jikin ƙusar da yake rataye shi in zai yi wanka. Kwaɗon ba a fasa shi ba, buɗe shi aka yi aka mayar. Can a jikin ƙarfen ƙofar ya ga wani ɗan siririn zare maƙale, ya zaro shi da farce, ya ɗaga shi sama yana huci.

Mahaifiyarsa, wadda duk benen muke kira Umma, tana zaune a falo inda ta saba, tabarau a kan hanci, jakar saƙa a cinya. Tun da mahaifinsa ya rasu take zaune da su, ɗakinta ne a bayan bangon durowar.

"Auta," ta ce, ba ta ɗago ba, "ga abin karyawarka can yana hucewa."

"Umma, ajiye mini, yanzu zan zo."

"To," ta ce, ta ci gaba da saƙarta.

*

Tela muka fara sauka wa. Shagonsa yana ƙasan ɗakin Mai-Sawu daidai, kuma kowa ya san ba sa ga maciji da juna. Duk lokacin da za a ɗauki shiri, Mai-Sawu yakan buga ƙasa da sandar tsintsiya, alamar a tsayar da keken ɗinki. Tela ya sha tsayawa da rigar mutane rabi a keke, yana jiran a gama binne wani a sama.

Mai-Sawu ya ajiye zaren a kan tebur kamar wanda ya ajiye bindiga.

"Ka san wannan?"

"Zare ne."

"Ka amsa ke nan."

"Maƙwabci, duba ƙasan shagon nan. Duba gashina. Ko a shayina akwai zare. In zare ne shaida, to ni na sace duk abin da ya ɓata a garin nan."

"Ina kake lokacin da nake wanka?"

"Yo ni na san lokacin wankanka? Shi ma buga tsintsiya kake yi?"

"Ka taɓa cewa sai ka ga bayan rikodar nan."

"Na faɗa, kuma zan maimaita. Amma da ni na ɗauka, da yanzu kana jin kekena yana gudu har da waƙa. Ka ji shi?"

Gaskiya ne, keken a tsaye yake. Na lura kuma Tela, da ya saba zazzare ido in suna faɗa, yau kallon Mai-Sawu yake yi a sace, irin kallon da ake yi wa maras lafiya. Har muka kai ƙofa ya ce, a hankali, "Ka dai ci wani abu yau?" Mai-Sawu ya raɗa mini cewa in riƙe wannan tambayar, akwai wata a ƙasa.

*

Injiniya kuwa tun kafin a tambaye shi ya fara zufa. Shagonsa ɗan ƙarami ne, cike da gawarwakin wayoyi da warin dalma, shi kuma mutum ne da ko ƙaryar wasa ba ya iya yi, kunnuwansa ke tona shi.

"Ka taɓa roƙona in ba ka rikodar ka buɗe cikinta," in ji Mai-Sawu.

"Sha'awa ce kawai, Yallaɓai. Na rantse ban sata ba. Ban hau sama ba ma sai da ka yi ihu." Ya share goshi. "Kuma ka kwantar da hankalinka, ba abin da zai goge. Ai na nuna wa..."

Ya katse maganar. Kunnuwan suka ɗauki zafi.

"Ka nuna wa wa?"

"Na nuna wa... kaina. Ina yawan nuna wa kaina abubuwa."

Mai-Sawu ya sa muka zazzage shagon kaf. Muka samu cajar da na ba da gyara tun bara aka ce mini ta ɓata, muka samu rabin biredi, muka samu gidan ɓera. Rikoda dai babu. Injiniya ya tsaya a gefe yana murza hannu.

"Yana da abokin aiki," Mai-Sawu ya ce da muka fito. Idanunsa sun yi ja. "Wani na cikin gida. Kullum haka ne, na cikin gida ne." Yadda ya faɗe ta ya sa na daina jin abin a matsayin wasa, don mutumin da gaske yake, ya kai inda ba ya ganin kowa sai mai laifi.

*

Matarsa ma'aikaciyar jinya ce, Nas muke ce mata. Da safen ta dawo daga aiki ta kwanta, ihunsa ne ya tashe ta, don haka ba a cikin fara'a muka same ta ba. Tana kicin tana yanka albasa, ya tsaya a bayanta yana kallon wuƙar.

"Kin taɓa cewa za ki jiƙa rikodar tare da wanki."

"Na ce."

"Ina kike lokacin da..."

"Yallaɓai mai bincike, ina kan gadon da kai ka manta hanyarsa. Kuma da ni ce, ba rikodar zan ɗauke ba, durowar zan sa a fitar gaba ɗaya, da kai a ciki."

Ta ajiye wuƙar, ta buɗe firiji. Faranti ne a jere, kowane a rufe da wani farantin, sun cika hawa biyu har ruwan sha bai samu wuri ba.

"Ka ga wannan? Duk naka ne. Umma ta hana a zubar, ta hana a ba wani."

Ya leƙa, ya ɗaga murfi ɗaya, ya duba ƙarƙashin farantin ko rikodar tana can. Nas ta dube ni, na sunkuyar da kai.

"Yaushe rabonka da ka ce mini ya aiki?" ta ce masa. "Kullum sai ina kika tsaya, wa kika gani. Ni ma ina ganin mutuwa a wurin aikina, ta gaske, da hannuna nake rufe wa matattu ido. Amma in na dawo ina cire takalmina a ƙofa. Kai da su kake kwana."

Ya mayar da murfin farantin. Ya juyo ya ce in je in gaya wa kowa a hallara a falonsa da yamma, zai faɗi ɓarawo. Daga falo muka ji muryar Umma tana cewa abincin rana ya sauka, ya ce ta ajiye masa, yanzu zai zo. Ya shige durowa.

*

Da na gama zagayen na dawo, na tarar da ƙofar durowar a buɗe. Yana zaune a 'yar kujerarsa tsakanin riguna, ya ƙura wa wani abu ido a tafin hannunsa.

Ashe da ya shiga, hannunsa ya kai ga hedifon ɗinsa, abin da yake toshe kunne da shi in duniya ta ishe shi. Wayar hedifon ɗin nan doguwa ce, kuma tun da na san ta a cukurkuɗe take, har faɗa yake yi da ita. Yau ga ta an warware ta, an naɗe ta tsaf ta zama curi guda kamar lemo, an cusa bakinta a tsakiya don kada ta kwance.

"Ɓarawo mai tsafta," na ce.

Bai yi dariya ba. Ya dubi curin, ya dubi ɗan zaren da ya tsinta da safe.

"Je ka ce an fasa taron."

"Ai ga su nan a matattakala."

"Innalillahi," ya ce.

*

Falon ya cika. Tela ya zauna a hannun kujera, Injiniya ya maƙale kusa da ƙofa, Nas ta harɗe hannu a bakin kicin. Umma tana inda take, tsinken saƙa yana ta aiki. Mai-Sawu ya tsaya a tsakiya, ya gyara murya, ya jawo mai kaurin nan ta shiri, amma yau ta fito a shaƙe.

"Jama'a, mun bi sawu. Tela yana da dalili, amma ba shi ba ne."

"Na gode da ka lura," in ji Tela.

"Injiniya yana da kunnuwa, amma ba shi ba ne. Nas tana barci." Ya ɗaga kai ya dubi silin. "Saboda haka bincike ya nuna cewa... wataƙila ɓera ne. An rufe magana. Kowa ya tafi."

"Ɓera ya buɗe kwaɗo?" in ji Nas.

"Akwai ɓeraye masu basira."

Sai a lokacin Umma ta ɗago, ta dube shi ta saman tabarau.

"Auta, haka kake yi wa masu sauraronka? Ka kawo su har bakin ƙofa, ka ce musu ɓera? Ƙarasa mana, ai ka kusa."

Ban taɓa ganin mai bincike ya shiga uku irin na ranar ba. Ya zaro curin wayar daga aljihu, kansa a ƙasa, muryar shirin ta gudu ta bar shi da tasa.

"Wanda ya ɗauki rikodar ya ga waya a cukurkuɗe, zuciyarsa ta kasa wucewa. Ya tsaya ya naɗe ta. Wannan naɗin kuwa na san shi. Tun ina ƙarami nake miƙa hannuwana biyu ana rataya mini ulu, ana naɗewa haka, a cusa bakin a tsakiya." Ya ja numfashi. "Ba na zargin kowa. Ina dai cewa... ko Umma ta ga wani ya wuce."

"Yaro ya iya aikinsa," Umma ta ce wa Nas. Ta sa hannu cikin jakar saƙa ta fito da rikodar. Har ta saƙa mata 'yar riga shuɗiya mai igiya a wuya.

Tela ya fashe da dariya har ya zame daga hannun kujera. Injiniya ya saki ajiyar zuciya ya ce jiya Umma ta sauko ta tambaye shi wane maɓalli ke kunnawa, wane ke gogewa, ta kuma ce in ya faɗa sai ta ja masa kunnen nan. Mai-Sawu ya miƙa hannu biyu, Umma ta buge su da tsinken saƙa.

"Ba ta goge ba. Tsaya ka ji."

Ta danna maɓallin gefe. Muryar tsohuwa ta fito, siririya, a gajiye. Tana ba da labarin ranar: ya wanke motarsa, ya sa farar riga, ta ce ya tsaya ya ci abinci. "Ya ce, Inna, ajiye mini, yanzu zan dawo. To har yau ina ajiyewa. Kullum sai na zuba nasa na rufe."

Umma ta kashe. Dariyar Tela ta ɗauke, ba wanda ya ko motsa.

"Bangon nan ba shi da kauri, Auta," ta ce. "In ka toshe kunnenka ba ka san da ƙarfi kake magana ba. Tun da ka dawo daga wurin matar nan nake jin ka kana maimaita maganar nan, kana kuka, ka mayar baya, ka sake. Tela ma yana ji ta ƙasa, shi ya sa ya daina kunna keke ko ba ka buga tsintsiya ba. Na ce bari in ji wace ce wannan da take sa ɗana kuka. Yau da kana ƙasa kana zazzage shagon bawan Allah, na saurare ta har ƙarshe. Ni ma na yi kukan."

Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

"Ita nata ya fita bai dawo ba, ba ta san inda yake ba. Ni nawa ya shiga durowa. Ina jin tarinsa, ina jin kukansa, ina zuba abinci ina rufewa, bai fito ba."

Mai-Sawu ya durƙushe a gabanta. Mutumin da ya tono kisan kai iri-iri bai ƙifta ido a gabanmu ba, ya kifa kai a gwiwar uwarsa yana kuka kamar ɗan yaye. Na ji kunya, na ji tausayi, na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan Injiniya, na tarar shi ma hawaye yake.

"Na yi mata alkawari, Umma," ya ce cikin kuka.

"Za ka cika. Duniya za ta ji sunan ɗanta, ni zan fara saurara. Amma rikodar nan a jakata za ta riƙa kwana. Da safe in ka karya in ba ka, in rana ta yi ka dawo mini da ita. Kwaɗon nan kuma a cire, yarinya ta samu ta ɗauki rigarta kamar 'yar mutane."

"Amin," in ji Nas.

Umma ta yi mata alama da kai. Nas ta shiga kicin ta fito da faranti a rufe, ba daga firiji ba, daga kan wuta, yana tururi. Umma ta karɓa ta ajiye a gabansa, ta ɗage murfin da hannunta.

"Zauna ka ci," ta ce. "Waccan uwar ba ta da wanda za ta ce wa haka."

Muka sulale ɗaya bayan ɗaya. Ina matattakala na ji keken Tela ya tashi a ƙasa da ƙarfinsa, har bango yana amsawa. Na tsaya na kasa kunne ko zan ji sandar tsintsiya. Ba abin da na ji daga sama sai ƙarar cokali a faranti.